Shaidun da ke Bisa Rufin Ɗakin Kifi

Larabar da ta wuce wasu 'yan mata uku sunka zo mani nan Wara, wai in koya masu bandar kifi. Ta farko ta ce sati biyu ya ishe ta, tunda ta riga ta ga yadda ake yi cikin waya. Ta biyu ta tambaya ko akwai dabarar da hayaƙi ba zai taɓa mata fuska ba, don ta sha wahala kafin ta yi haske haka. Ta ukun ita ce mai tarbiyya. Ta leƙa ɗakin da nake ajiyar kifi, ta ɗaga kai bisa, ta ce, "Ayya Inna, ba ki da mai taya ki shara?" Kafin in buɗe baki ta ɗauko tsintsiya ta fara ɗaurawa a sanda. Da ban cafke mata hannu ba, da yau ni da uwarta ba mu gaisawa.

Shi ya sa na zauna rubuta wanga bayani, na gaji da maimaitawa. Sai da na yi jikoki na shiga ajin manya na koyi rubutu, saboda haka wadda ta ga harafi ya karkace ta yi haƙuri. In ba ta iya haƙuri, ta zo ta lanƙwasa mani tarwaɗa guda a tsinke mu ga yadda nata hannun ke miƙewa.

Aikin farko da Gwaggo Tabawa ta sa ni ba kifi ba ne, itace ne. Ƙanwar babana ce, kuma ita ta koya mani sana'ar. Damina ta zo ta wuce ba ta bar ni na taɓa wuƙa ba. In je in yo itace, ta ɗauki guda ta sansana ta jefar. "Wannan dogon yaro ne. Kifi kike so mutane su ci ko magani?" Marke take so, ko kirya, mai ci a hankali. Wutar banda ba wutar tuwo ba ce. In ta yi harshe kin gasa kifi, waje ya ƙone ciki ɗanye, kwana kaɗan maƙwabta su fara toshe hanci. In ta mutu kin shanya wa ƙuda abinci. A wancan lokacin, da laka muke gina murhu mu jera sanduna bisa. Yanzu ganga ake tsagawa a ɗora raga. Sauƙi ya zo, amma har yau ban ga gangar da ke tashi ta juya kifi da kanta ba.

Tarwaɗa a fasa mata ciki, a wanke yauƙin, a sa gishiri, a lanƙwasa wutsiya ta sadu da kai, a soke da tsinke. Karfasa sai an kankare ta. Giwan ruwa gunduwa-gunduwa ake yanka shi, in kin ɗora shi ɗungum fatar kawai kika yi wa banda. Ƙurungu kuwa shi zai koya maki ladabi, don ƙayarshi ba ta tambayar ko kin yi lalle.

Duk wannan mai hannu biyu za ta koya. Inda sana'ar take shi ne bayan an sauke kifi daga wuta. Mai saye ba kullum take zuwa ba, sai kifi ya jira ta a ɗaki, kuma ba shi kaɗai ke jira ba. Akwai koren ƙuda, shi ko ɗan damshi ya samu a ƙarƙashin kunnen kifi sai ya zuba ƙwai, ki wayi gari kifinki na motsi. Akwai wani ɗan baƙin ƙwaro mai shiga ta ciki ya mai da nama gari, ki ɗaga kifi ki ji shi sakayau kamar kwali.

Ranar da Gwaggo ta fara shiga da ni ɗakin ajiyarta, ƙasa tas kamar an lashe, bisa kuwa yana ce ko'ina tana lilo. Na ce, "Gwaggo, ƙwari sun cika maki ɗaki."

Ta ce, "Waɗanne?"

Ta kaɗa hannu ta kamo ƙuda, ta miƙo mani. "Ƙirga mashi ƙafa." Na ƙirga, shida. Ta sa tsinke ta sauko da gizo-gizo. "Wanga fa?" Takwas.

"To ba danginsu guda ba. Mai shida ɓarawo ne, mai takwas ɗan gadi. Ƙasa ki share kullum. Bisa, ranar da kika kai tsintsiya ki wuce gidan ubanki da ita."

Na ce ai kunama ma takwas gare ta, kaska ma haka. Ta ce, "Danginshi ne, gaskiya. Ke duk danginki kike ba makullin ɗaki?"

Tun daga nan na fara kallonsu, don mai banda zaman jira take yi, kuma lokacin babu waya. Ƙuda da tururuwa da kyankyaso jikinsu gida uku ne, kai da ƙirji da ciki, ga gashi biyu a goshi suna lalube da su. Gizo-gizo gida biyu ne: kai da ƙirji a haɗe, sai ciki, tsakaninsu ɗan ƙugu siriri irin wanda kuke ɗaure kanku da roba ku samu. Ba shi da fiffike. Zaren kuma ba daga baki yake fitowa ba, daga wasu 'yan nonuwa ne a ƙarshen ciki. Ba ya tauna. In ya kama ƙuda sai ya soka mashi dafi, ya naɗe shi, ya zuba mashi yawu har cikin ya narke, ya tsotse kamar mai shan kunu, ya yar da kwanson. Kuma yana saɓa kamar maciji. In rigar ta matse shi sai ya tsage ta ya fito, ya bar ta rataye da ƙafafunta takwas cif, ki rantse shi ne. Ku riƙe wannan, zai yi maku amfani gaba.

Macen ce babba. Namijin ɗan tsurut ne, da 'yan hannuwa biyu gaban baki masu kumburin kai, kamar ɗan dambe ya naɗe hannu. In ya zo neman aure daga nesa yake tsayawa yana taɓa zare a hankali, don in ya shigo da gaggawa sai ta ɗauka abinci ne. Wani sa'in ko ya zo da ladabin abincin ne. Ni ban ce komai ba.

Gwaggo gida biyu ta raba su, masu saƙa da mafarauta, kuma sunayen nata ne, kada ku je ku tambayi wani ya yi maku dariya. Cikin masu saƙa akwai mai faifai, wadda ke yin saƙa kewayayyiya tsakanin itace da itace. Ita ce gwanar, amma 'yar waje ce, iska take so. Akwai 'yar uwarta ta bakin ruwa, doguwa siririya, mai miƙe ƙafafu jikin ciyawa ta ɓace, tana jiran 'yan ƙwarin da ke tashi daga tafki. Sai dogon ƙafa. Wannan ita ce tamu. Jiki kamar ƙwayar shinkafa, ƙafafu kamar gashi, saƙarta a hargitse kamar kan wadda ta tsefe kitso ta rasa makitsiya. Ba ta da kyau ko kaɗan, amma tana son ɗaki, tana son duhu da kusurwa, kuma a juye take kwana, ciki bisa. In kin taɓa mata zare sai ta kama girgiza, ita da saƙar duka, har idonki ya kasa tsai da ita. Ƙwanta a baki take riƙe shi, ɗan dunƙule, har ya ƙyanƙyashe.

Mafarauta ba su saƙar kamu. Akwai mai tsalle, ɗan ƙarami mai manyan idanu biyu a gaba, wanda zai juyo ya kalle ki kamar kin ci mashi wani abu. Da rana yake laɓaɓa wa ƙuda jikin bango ya dira kanshi. Akwai mai goyo, a ƙasa take yawo, ta ja jakar ƙwanta a baya, in sun fito su hau gadon bayanta gaba ɗaya. Akwai tautau, shafaffe mai faɗi, mai gudun gefe, wanda ke manna farin abin nan jikin bango ya rufe ƙwai. Shi ne anka ɗora wa laifin fitsari a jikin mutane. Ni dai na tsufa tare da su ban ga ya yi ba. Abin da na gani yana sa fata ta tashi wani ɗan ƙwaro ne mai ja da baƙi da ke zuwa wurin fitila daga fadamar shinkafa, a murje shi a jiki. Amma tautau ya riga ya yi suna, ko biri ya yi ɓarna a gona shi za a ce. Sai na rami, ƙato mai gashi, wanda ke liƙe bakin raminshi da yana. Shi a gaishe shi daga nesa.

Da na koyi karatu na ari littafin jikata na makaranta, na ga su ba haka sunka raba ba. Wai ta haƙori ake rabawa: na rami da danginshi nasu ƙasa yake sara kamar gatari, sauran duka nasu matsewa yake kamar awartaki. Wannan ban sani ba, Gwaggo ma ba ta sani ba, don babu wadda a cikinmu ta taɓa roƙon na rami ya buɗe baki ta leƙa. Wanda ya leƙa ɗin Allah Ya biya shi. Littafin ya ce iri-irinsu dubbai ne, kuma yawancinsu ido takwas gare su. Ido takwas, kuma tsintsiya na zuwa ba su gani.

Kada wata ta fita ta ce na ce gizo-gizo ke tsare kifi. Wuta ke tsare kifi, da gishiri, da rashin son jiki. Shi ragewa kawai yake. Babban aikinshi wani ne daban, kuma ba mu san da shi ba sai da fiya-fiya ta shigo gari.

Maganin feshi ne, kun san shi. Wata mai basira ta gano cewa in an yayyafa wa kifi, ƙuda ba ya sauka, ƙwaro ba ya shiga, ba sai an tashi an sake hura wuta ba. Nan da nan hutu ya samu. Kifin da ƙuda ya sansana ya ƙi, shi mutum ke saye ya kai wa ɗiyanshi. Kifi ya yi kyau, ya yi sheƙi, can kudu kuwa mutane sunka fara riƙe ciki.

Babbar mai sayen kifina Maman Ngozi ce. Ibo ce, amma a Yelwa anka haife ta, in tana zagi da Hausa sai kin nemi wurin zama. Mota take kawowa ta loda kwalaye ta kai Anacha. Abin da take ɗauka a zuwa ɗaya ya fi abin da zan sayar tsinta-tsinta a kasuwa har in gaji. Da zancen feshi ya yi yawa sai ta sake hali. In ta shigo ɗakin ajiya ba ta kallon kifi. Bisa take kallo. Ta kaɗa hannu ta kamo ƙuda, hannunta ya fi na Gwaggo sauri, ta wurga cikin yana, ta tsaya. In mai saƙar ta fito ta karɓa, to a kawo kwali. Ta ce mani, "Kulu, hanci ana ruɗinshi da hayaƙi. Rantsuwa kuwa kowa da bakinshi. Amma ɗakin da anka yi feshi, ko kifin feshi ya kwana ciki, waɗannan ba su zama. Su ba a ba su goro." Shekara da shekaru haka muke. Rufina ya fi bakina daraja a wurinta, kuma ban ji haushi ba.

Shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata ba ambaliya ta kawo ta ba, ba gobara ba. Alheri ne ya kawo ta.

Ɗiyata ta haihu a Shanga, farkon damina, na tafi zaman jego na bar ɗakin kusan wayam. Ranar da na dawo, tun daga bakin hanya na hango wani abu na ƙyalli a gidanmu. Na shiga na ishe mutane cike, ga ɗana tsaye yana washe baki. Ba ni faɗin sunanshi, ɗan fari ne, amma kun san shi, mai tuƙa jirgin inji zuwa gungu, ƙauyukan nan na tsakiyar ruwa. Ya yaye mani rufin ciyawa na ɗakin kifi ya buga kwano. Ya shafe bango da siminti, ya yi farin fenti.

"Inna, shiga ki gani. Ko asibiti bai kai shi ba."

Na shiga. Gaskiyarshi, asibiti sak, har warin.

Na ce, "Ina mutanena?"

"Waɗanne mutane?"

"Na bisa."

"Ai Inna ba ki ga yanar da munka kwashe ba, ta cika buhu. Kuma na sa an yi feshi kan feshi, na rufe ƙofa ya shiga bango sosai. Ko tururuwa ba za ta sake damunki ba."

Maƙwabta na tsaye suna jiran su ji abin da uwa za ta ce wa ɗan da ya yi mata irin wanga gata. Na ce, "Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya ba ka ɗan da zai yi maka kamar haka." Kowa ya ce amin, shi ya fi kowa ɗaga murya.

Kifi ya samu a shekarar nan kamar da gayya. Ba ni iya sa shi cikin ɗakin, sai na bar shi a rumfa bisa ganga, wuta ƙasa-ƙasa dare da rana, don damshin damina ba ya jira. Ana haka Maman Ngozi ta iso. Ta shiga ɗakin, ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallon kwano.

"Kulu, kin yi arziki."

"Ɗana ne ya yi mani gata."

"Tun daga ƙofa na ji warin gatan."

"Kifin bai taɓa kwana nan ba. Ga shi can a rumfa. Kin san ni."

"Na san ki. Wadda ta sayar mani da kifin da ya kwantar da gida guda a Anacha ma na san ta, har sunan ɗanta na je. Rumfa ba ta shaida, iska ke shiga ta fita." Ta gyara ɗaurin zane. "Zan dawo in ruwan sama ya ɗauke. In na ishe su bisa, mu ci gaba inda munka tsaya. In ban ishe ba, kin san hanyar nan, ba zan riƙa karya bayana zuwa Wara kallon fenti ba."

Maƙwabciyata Ige ta daɗe tana son Maman Ngozi ta shiga ɗakinta, kuma duk unguwa ta san abin da take ajiyewa cikin 'yar kwalba bayan tulu. Da ta ji abin da ɗana ya yi, sai ta shirya. Ta tare mu a ƙofa, "Hajiya Madam, leƙo nan ki ga inda ba a san feshi ba." Na bi su, wai rakiya. Rufin Ige yana ce jage-jage, baƙa ƙirin, ta fi ta Gwaggo yawa, ga gizo-gizo birjik a ciki. Daga garken awaki ta kwaso ta da sanda ta rataya. Maman Ngozi ta wurga ƙuda. Shiru. Ta matsa kusa da wani babba mai ƙafafu a miƙe, ta hura mashi iska. Ya tashi sama ya sauko a hankali ya sauka kan ɗankwalin Ige. Saɓa ce, rigar banza.

"Ige, mutanenki sun tuɓe kaya sun gudu. Ko kin san dalili?"

Motar nan haka ta bar unguwarmu ba kwali ko ɗaya.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Kifi in ya daɗe kan wuta karyewa yake. Na riƙa ɗauka a kai ina zagaya kasuwanni, ni da ake zuwa nema har gida, ina ciniki da masu sayen kai guda su ce a yi masu gyara da wutsiya. Wanda ya farfashe munka ci, munka ba maƙwabta, har kaji sunka fara warin tarwaɗa.

Ɗakin kuwa na cire ƙofar na jingine. Na wanke bango da ruwan toka, na sake wankewa. Na je bayan gida na ciro sandunan tsohon rufi cikin itacen girki, na gitta su ƙarƙashin kwano, na shimfiɗa zana bisa, don kwano da tsakar rana ko mutum bai zama ƙarƙashinshi balle mai ƙafa kamar gashi. Ɗana ya zo ya tsaya ya ce, "Inna, kina ɓata mani aiki." Na ce, "Ƙarasa maka nake."

Sai maigidana ya ce shi zai samo mani gizo-gizon. Malam tsohon masunci ne, gwiwa ta zaunar da shi, amma baki bai zauna ba. Ya ɗauki ƙwarya da faifai ya fita da hantsi. Ya bi bakin ruwa, ya bi gindin itatuwa, ya bi bayan masallaci. Azahar ya dawo yana tafiyar wanda ya kamo giwan ruwa, ya dire ƙwaryar gabana.

"Ga su nan. Ɗakin ma ba zai ɗauke su ba."

Na ɗaga faifai. Tautau guda ɗaya, ciki ya yi tim, sai guntayen ƙafafu a gefe.

"Malam, ina sauran?"

"Wallahi da yawa na zuba."

"Na yarda. Ga su nan cikin wannan."

"Ke kika ce masu ƙafa takwas."

"Akuya da kura ma huɗu-huɗu gare su. Ka taɓa ɗaure su turke guda?"

Ya ce shi dai ya yi don Allah. Tautaun ya haye bango ya ɓace, ko godiya babu.

Na koma yi da kaina. Kwalin ashana, kowace da nata, kuma dogon ƙafa kaɗai. Ita ake samu a tsoffin ɗakuna da rumbunan da ba su san feshi ba, saboda haka na bi gida-gida ina sallama. "Ko kuna da gizo-gizo ku sam mani?" Wasu sunka ce Kulu ta taɓu tun da ciniki ya tsaya. Wasu sunka ce asiri nake haɗa wa Ige. Wata tsohuwa ta ce ba ta bayarwa, kada in tafi da arzikin gidanta, ita da ko tabarma ba ta da ta kirki. Waɗanda na fara saki cikin ɗakin, kwana kaɗan na ishe su a ƙasa sun dunƙule ƙafafu. Bango bai gama amayar da gatan ba. Na sake wankewa, na jira. Malam ya sake gwadawa da na bakin ruwa, wannan karon ɗaya-ɗaya, sai dai ko wuni ba su yi ba sunka fice. Wa zai bar tafki ya zauna ɗaki.

Wata rana na ishe ɗana tsugune yana kallon matattun da na share. Ya ce, "Inna, wanne ne naki a cikinsu?" Na nuna mashi, na ce ya duba ƙafa, ya duba yadda take rataya a juye. Daga nan duk ƙauyen da ya kai fasinja sai ya ce a jira shi, ya shiga tsoffin ɗakunan kifi da kwalayen ashana cike da aljihu. Ƙato da gemu, fasinjoji na zaune cikin jirgi rana na dukansu, shi yana bisa turmi yana lallashin gizo-gizo. Har suna sunka sa mashi a bakin ruwa, ba ni faɗi, har yau yana jin haushinshi.

Na ƙarshen nan sunka zauna. Ba da yawa ba. 'Yan zarurruka a kusurwa, in ba ki karkata kai ba ba ki gani. Na mai da ƙofa, na fara sa sabon kifi.

Ruwa ya ɗauke, Maman Ngozi ta dawo. Ta shiga, ni ina bayanta, Malam da ɗana sun toshe ƙofa. Ta ɗaga kai.

"Wannan ai ko Ige ta fi ki jama'a."

"Nata baƙi ne. Nawa 'yan gida."

Ta kamo ƙuda ta wurga a kusurwar gabas, inda saƙar ta fi kauri. Ya maƙale yana kuka. Munka tsaya. Ba abin da ya motsa. Akwai wani abu rataye a tsakiya, amma daga ƙasa ba ki cewa ga mai rai ga riga.

Malam ya ce, "Kila barci take."

Maman Ngozi ta ce, "Na Ige ma barci suke, Baba." Ta ɗauki jakarta.

Na zaro tsinke daga zana na miƙa hannu na taɓa zare guda. Kusurwar nan duka ta ɗauki rawa, abin da ke tsakiya na juyawa har ya zama kamar hayaƙi. Maman Ngozi ta ajiye jaka. Ta ce a kawo mata turmi. Ɗana ya kife mata, ta dafa kafaɗarshi ta hau, ta sa tabarau, ta jira rawar ta lafa.

"Mi ne ne wannan a bakinta?"

"Ƙwai. Shi ya sa ba ta kula ƙudanki ba. Bakinta da kaya."

Ta daɗe bisa turmin nan, mace mai jiki, ɗana na ta nishi ƙarƙashin hannunta. Sannan ta sauko ta kakkaɓe zane.

"Wadda ta yarda ta haihu a ɗakin nan ta fi ni sanin abin da ke cikinshi. Kulu, kawo kwali." Ta juya ga ɗana. "Kai kuma in alheri ya sake taso maka, ka saya mata zane."

Maman Ngozi ta daina tafiya yanzu, ƙafa ta hana. Ngozin ce ke zuwa, da waya biyu a hannu, amma in ta shigo ita ma bisa take fara kallo. Waɗanda ke rataye can zuriyar mai ƙwan nan ce, su ne yarinyar Laraba ta ɗaura wa tsintsiya don ta taimake ni.

Wadda har yanzu take son koyo ta zo Asabar da sassafe. Ta sa zanen da ba ta so, ta bar tsintsiyarta gida. Itace za ta fara yowa.